Sharhi: Kiwon Biran Bincike A Amurka, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A farkon shekarar 2020, yayin da hankalin duniya ya koma kan ƙarancin takunkumin rufe fuska da na'urorin taimaka wa numfashi, wata haja da ba kasafai ake jin labarinta ba ta yi ɓatan dabo a kasuwar Amurka. Hajar kuwa ita ce biri. Ƙasar Sin, wadda a lokacin take samar da kimanin kashi 60 cikin 100 na biran da Amurka ke shigowa da su don binciken cututtuka da gwajin magunguna, ta dakatar da fitar da su bayan ɓarkewar annobar korona. Birin da a da ake saye kan 'yan dubban daloli, sai ga shi cikin shekaru biyu zuwa uku farashinsa ya haura dala 20,000, a daidai lokacin da masu haɗa allurar rigakafi suka fi bukatarsa.

Tun daga wannan lokaci ake ta tafka muhawara a Amurka kan ko ya dace a faɗaɗa garkunan kiwon birai da gidajen ajiye su a cikin ƙasar. Masana kimiyya na cewa tilas ne, masu kare haƙƙin dabbobi na cewa zalunci ne, su kuwa 'yan kasuwa sun hango riba. Wanda ya dubi al'amarin da idon tattalin arziki zai ga cewa faɗaɗawar tana da hujja mai ƙarfi, muddin za a yi ta daidai wa daida, da kuɗin gwamnati mai ɗorewa, ba tare da an bar hawa da saukar farashi su zama jagora ba.

Da farko yana da kyau a san girman wannan harka. Alƙaluman ma'aikatar aikin gona ta Amurka sun nuna cewa a shekarar 2019 an yi amfani da birai 68,257 a ɗakunan bincike na ƙasar. Akasarinsu nau'i biyu ne. Akwai wanda ake kira resus, ɗan asalin Indiya da Sin, wanda jami'o'i suka fi amfani da shi wajen nazarin cuta mai karya garkuwar jiki da tarin fuka da makamantansu. Akwai kuma biri mai doguwar wutsiya na kudu maso gabashin Asiya, wanda kamfanonin magunguna suka fi saye don auna illar sabon magani kafin a ba wa ɗan Adam. Dalilin da ya sa ake bukatarsu shi ne garkuwar jikinsu ta fi ta ɓera kusanci da ta mutum nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, akwai cututtukan da ba zai yiwu a ɗirka wa mutum ƙwayarsu da gangan don gwaji ba. Saboda haka ne a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fito da ƙa'idar da ta yarda a amince da magani bisa sakamakon gwaji a kan dabbobi idan cutar ta kasance irin wannan. Allurar rigakafin Ebola da aka ba wa lasisi a 2019 ta fara nuna alamun nasara ne a jikin birai, a wani bincike da aka buga tun 2005, shekaru goma kafin a gwada ta a ƙasar Gini.

Matsalar da ke tattare da wannan haja ita ce ba a iya ƙara yawanta da sauri, komai tsadar da ta yi. Mai kiwon kajin nama idan ya ga kasuwa ta yi kyau, cikin wata biyu zai iya fito da sabon kaya. Birinya kuwa tana ɗaukar ciki na kusan wata biyar da rabi, tana haifar ɗa guda a shekara, kuma sai ta kai shekaru uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa. Ɗan da aka haifa shi ma sai ya yi wasu shekaru kafin ya isa shiga yawancin gwaje-gwaje. Wani abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, duk mai son garkensa ya ƙaru dole ya riƙe matan da zai iya sayarwa, wato ya rage kayan da ke shiga kasuwa a yau domin a samu ƙari nan da shekaru biyar. Garken da aka tsarkake daga wasu ƙwayoyin cuta, irin wanda binciken cuta mai karya garkuwar jiki ke bukata, ya fi haka ɗaukar lokaci, domin sai an bi zuriya bayan zuriya ana gwaji ana warewa. Wannan ne ya sa da ƙofar Sin ta rufe, farashi ya yi tashin gwauron zabo ba tare da kayan sun ƙaru ba.

Idan ba a manta ba, wannan ba shi ne karon farko da Amurka ta shiga irin wannan hali ba. A shekarun 1950, lokacin da ake haɗa allurar rigakafin shan inna, ana jigilar biran resus fiye da dubu ɗari a shekara daga Indiya. Da adadinsu ya ragu a dazuzzukan ƙasar, aka kuma samu rahotannin cewa ana amfani da wasu a gwaje-gwajen soja, sai gwamnatin Firayim Minista Morarji Desai ta haramta fitar da su daga 1978, Bangaladash ta bi sahu a shekarar da ta biyo baya. Abin da ya rufa wa Amurka asiri a wancan lokaci shi ne cibiyoyin nazarin birai da majalisar dokokinta ta soma ba wa kuɗi tun farkon shekarun 1960, waɗanda suka mayar da hankali ga kiwo a gida. Bayan da Jami'ar Harvard ta rufe tata a 2015, guda bakwai suka rage, a jihohin Kalifoniya da Oregon da Washington da Wisconsin da Luwiziyana da Jojiya da Teksas, suna riƙe da birai fiye da 20,000. Amma da biran Sin masu araha suka cika kasuwa daga shekarun 2000, sai aka sake sakin jiki, aka manta da darasin Indiya.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. A 2018, wani nazari da Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasar Amurka, wato NIH, suka sa aka gudanar ya yi hasashen cewa bukatar biran resus za ta zarce abin da ake iya samarwa. Da annoba ta zo, sai da NIH ta ɗauki nauyin tantance binciken da za a ba wa birai da wanda zai jira, tamkar rabon kayan masarufi a lokacin yaƙi. Mujallar kimiyya ta Nature ta ba da labari a 2021 cewa hukumar ta kashe kimanin dala miliyan 29 cikin shekaru biyu wajen gyara gidajen birai da gina manyan shingaye na waje a cibiyoyin nan. Duk da haka, rahoton da majalisar ƙwararrun masana kimiyya da likitoci ta ƙasar ta fitar a watan Mayun 2023 ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu binciken da aka tuntuɓa sun sha wahala wajen samun birai, har ya bayyana ƙarancin a matsayin barazana ga lafiyar jama'a da tsaron ƙasa.

Ya kamata a lura cewa gida yana da muhimmanci daidai da garke. Biri dabba ce mai zaman jama'a, wanda idan aka kulle shi shi kaɗai a ƙaramin keji yakan shiga damuwa har ya riƙa cizon kansa, kuma jikin da ke cikin damuwa ba ya ba da sakamakon da za a dogara da shi. Shingaye masu faɗi inda birai ke zaune dangi-dangi sun fi dacewa da haihuwa da lafiyar 'ya'ya. A ɗaya ɓangaren kuma, gwajin ƙwayar cuta mai haɗari sai a ɗakuna na musamman da ake tace iskarsu, ake kuma kashe ƙwayoyin da ke cikin ruwan da ya fito daga cikinsu, kuma irin waɗannan ɗakuna ƙalilan ne, gina su na cin miliyoyin daloli da shekaru. Ƙara yawan birai ba tare da ƙara ɗakunan da ma'aikatan da suka ƙware ba, daidai yake da sayen shanu babu turke.

Wani zai ce, tunda farashi ya tashi, a bar kasuwa ta gyara kanta. Abin da ya faru bayan 2020 ya nuna irin gyaran da kasuwar ke yi. Masu saye sun karkata zuwa Kambodiya, wadda cikin ɗan lokaci ta zama kan gaba wajen kai wa Amurka birai. A watan Nuwamban 2022, masu gabatar da ƙara na Amurka suka tuhumi mutane takwas, ciki har da jami'an gwamnatin Kambodiya biyu, da laifin kamo birai daga daji ana ba su takardun da ke nuna cewa a gona aka haife su. Jami'in da aka gurfanar a gaban kotu an wanke shi a watan Maris na 2024, amma kafin nan cinikin ya riga ya girgiza, har kamfanin Charles River, ɗaya daga cikin manyan masu saye, ya dakatar da shigo da biran Kambodiya a farkon 2023. A 2022 ɗin ne kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya biri mai doguwar wutsiya cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Duk inda kan dabba ɗaya ya kai kuɗin sabuwar mota, ba a rasa mai ɗana tarko a daji.

Birin da ba a san asalinsa ba kuwa haɗari ne ga bincike da ma jama'a. Cutar Marburg ta samo sunanta ne daga garin Marburg na Jamus, inda a 1967 ma'aikatan ɗakin gwaji suka kamu da ita daga biran da aka kawo daga Yuganda, mutane bakwai suka rasu. A 1989 an gano wani nau'in ƙwayar Ebola a jikin biran da aka shigo da su garin Reston na jihar Bajiniya daga Filifin, sai dai an yi sa'a bai sa mutane rashin lafiya ba. Ita kanta jigilar ta ƙara wuya, domin manyan kamfanonin jiragen sama sun janye ɗaya bayan ɗaya, inda Air France da Kenya Airways suka ba da sanarwar dainawa a 2022. Duk waɗannan hujjoji ne da ke goyon bayan kiwo a gida, inda aka san uwar kowane biri da tarihin lafiyarsa.

To amma wa zai yi kiwon? 'Yan kasuwa sun riga sun yunƙura. A 2023 Charles River ya mallaki kashi 90 cikin 100 na wani babban kamfanin kiwo a tsibirin Morishus, domin ya tabbatar wa kansa hanyar samun kaya. A ƙarshen shekarar ne kuma wani sabon kamfani mai suna Safer Human Medicine ya samu amincewar hukumomin yanki, tare da rangwamen haraji, don gina gonar dala miliyan 396 a garin Bainbridge na jihar Jojiya, wadda aka tsara za ta ɗauki birai har 30,000, alhali mutanen garin ba su wuce 15,000 ba. Mazauna garin sun garzaya kotu a 2024, suna kuka da batun ƙazanta da gurɓacewar ruwa da faɗuwar darajar gidajensu. Fargabarsu ta ƙaru a watan Nuwamban shekarar, sa'ad da birai 43 suka tsere daga wata gonar kiwo a garin Yemassee na jihar Karolina ta Kudu, ba a gama kamo su ba sai a watan Janairun 2025. Waɗannan su ne irin asarorin da ba sa fitowa a littafin lissafin kamfani, amma maƙwabta ke biya.

Ko da an warware wannan, akwai wata matsala da ta fi zurfi. Kamfani yana kiwo ne don mai saye da ya fi biya, wato masu haɗa magungunan daji da na cututtukan da suka addabi ƙasashe masu arziki. Mai binciken jami'a da ke aiki kan tarin fuka ko zazzaɓin cizon sauro da tallafin da aka ƙayyade tun kafin farashi ya tashi, ba zai iya gogayya da su ba. Haka kuma babu ɗan kasuwar da zai ciyar da dubban dabbobi shekara da shekaru yana jiran annobar da ba a san ranar zuwanta ba. Shirin ko-ta-kwana kaya ne na jama'a, irin wanda kowa ke cin moriyarsa amma ba wanda zai biya shi kaɗai. Wannan ne ya sa wasu masana suka yi kira da a kafa rumbun ajiyar birai, kwatankwacin rumbun man fetur da Amurka ta kafa a 1975 bayan takunkumin mai na ƙasashen Larabawa. Bambancin shi ne ganga ba ta cin abinci, ba ta tsufa, ba ta jin zafi.

A nan ne ya wajaba a saurari masu adawa da kyau, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum, amma kama ba ta mayar da shi mutum ba. Maganin tecovirimat, wanda aka amince da shi a 2018 don cutar agana bisa gwaji a kan birai da zomaye, bai gaggauta warkewar masu ƙyandar biri ba a gwajin da aka yi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kamar yadda aka bayyana a 2024. Wata allurar rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki da ta kare birai ta kasa kare mata a gwajin da aka yi a kudancin Afirka, aka bayyana hakan a 2021. Ita ma doka ta fara sauyawa. A watan Disamban 2022 Amurka ta soke sharaɗin da ya wajabta gwada kowane sabon magani a kan dabba, a watan Afrilun 2025 FDA ta fitar da shirin rage irin wannan gwaji ga wasu magunguna, sannan a ƙarshen 2025 mujallar Science ta ba da rahoton cewa an umarci cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, da ta kawo ƙarshen bincikenta a kan birai kimanin 200. Ana sa ran ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji da lissafin kwamfuta za su maye gurbin wani ɓangare na aikin.

Tarihi ma ya nuna illar wuce gona da iri. A 1986 gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shirin kiwon manyan biran nan na Afirka da ake kira cimfanzi, da zaton za su yi amfani wajen binciken cuta mai karya garkuwar jiki. Sai aka gano cewa ko sun kamu da ƙwayar ba kasafai suke kwantawa ba. A 1995 aka dakatar da kiwon, a 2000 aka kafa dokar gina musu gidan ritaya, a 2015 NIH ta daina bincike da su baki ɗaya, kuma har yau ana biyan kuɗin kula da ragowarsu daga aljihun masu biyan haraji, domin dabba ce mai iya kai shekaru hamsin. Birin resus shi ma yana iya haura shekaru 25. Duk wanda ya sa aka haifi biri a yau ya ci bashin rubu'in ƙarni.

Sai dai waɗannan hujjoji suna nuna bukatar taka-tsantsan ne wajen girman faɗaɗawar, ba su isa su sa a rufe garkuna ba. Rahoton 2023 da aka ambata ya bayyana ƙarara cewa sababbin hanyoyin ba su kai ga maye gurbin cikakken jiki mai rai ba, musamman wajen fahimtar yadda garkuwar jiki ke fuskantar sabuwar ƙwayar cuta. Idan an yi kuskure wajen riƙe garke fiye da bukata, asarar kuɗin abinci da na likitan dabbobi ce, wadda ake iya ragewa ta hanyar tsayar da haihuwa. Idan kuwa aka wargaza garke sannan annoba ta zo, babu kuɗin da zai dawo da shi cikin ƙasa da shekaru biyar zuwa goma, kuma binciken zai koma ƙasashen da suka riƙe nasu, Sin a kan gaba. Tsakanin kuskuren da ake iya gyarawa da wanda ba a iyawa, mai hankali ya san wanda zai zaɓa.

Hanyar da ta fi dacewa, saboda haka, ita ce a ƙayyade adadin da binciken cututtuka masu yaɗuwa ke bukata bisa hasashen shekaru goma, a ɗora nauyinsa kan cibiyoyin jami'o'i da kasafin da ba ya canzawa da canjin gwamnati, a kuma ba gini da horar da ma'aikata fifiko kan yawan kawuna. Kowane biri da za a haifa a ware masa kuɗin ritaya tun daga ranar farko. A wajabta buga sakamakon kowane gwaji, har da wanda bai yi nasara ba, domin kada a maimaita wahalar da dabba a banza. Kuɗin da ake zubawa wajen samar da sababbin hanyoyin gwaji kuma ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na kiwo, ta yadda garke zai riƙa raguwa gwargwadon yadda waɗannan hanyoyi suka tabbatar da ingancinsu.

Wannan batu ya shafi Nijeriya fiye da yadda ake zato. A 1927 masu binciken gidauniyar Rockefeller da ke da sansani a Yaba ta Legas suka gano cewa birin resus na Indiya yana kamuwa da zazzaɓin shawara, bayan biran Afirka sun ƙi nuna alamun cutar. Ƙwayar da aka samo daga jinin wani mutumin Gana a waccan shekara ita ce tushen allurar rigakafin shawara da ake yi wa jama'a har yau, kuma ɗaya daga cikin masu binciken, Adrian Stokes, ya rasa ransa a Legas sakamakon cutar. A yau kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ya kashe fiye da mutum ɗari a kowace shekara tun daga 2018, musamman a jihohin Ondo da Edo da Bauci da Taraba. Allurar rigakafinsa da aka soma gwadawa a Abuja a 2024 da tallafin ƙawancen CEPI ta bi ta jikin birai kafin ta iso ga mutane. Cututtuka irin su Lassa, waɗanda ba su da kasuwa mai tsoka, su ne na farko da ake turewa gefe a duk lokacin da biri ya yi tsada.

Wannan ba kira ba ne ga ƙasar nan ta shiga cinikin birai. Abin da ya faru a Laberiya ya isa gargaɗi, inda wata cibiyar bincike ta birnin New York ta janye kuɗin ciyar da biran cimfanzi fiye da 60 a 2015 bayan ta gama amfani da su, sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin ta amince da biyan dala miliyan 6 a 2017. Abin da ya dace ga hukumomin lafiya na Nijeriya shi ne su yi amfani da kujerunsu a Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka wajen neman a ware wa cututtukan wannan yanki kaso tabbatacce a duk wani tsarin rabon biran bincike, su kuma ƙarfafa asibitocin Irrua da Owo da makamantansu, inda ake samun bayanan majiyyata da babu birin da zai iya bayarwa. Birin da za a gwada allurar rigakafin annoba mai zuwa a jikinsa a shekarar 2030, uwarsa ce ya kamata a ce tana cikin garke a yanzu.